Irin da ba ya ajiyuwa a rumbu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tsohon ɗalibinka ne, yanzu ina digiri na biyu kan noman 'ya'yan itatuwa a arewacin Italiya. An ba mu aikin rubutu kan nau'o'in inabin giya da ba a san su ba sosai, kuma za a kai mu gonar wasu iyali da ke noma irinsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in har nau'o'in nan na da kyau, me ya sa aka watsar da su tun farko? Anya ba dabarar kasuwa ba ce, a tono tsohon suna a tsauwala masa kuɗi? Kuma me ya sa kullum iyali ake ambata, ba manyan kamfanoni ba?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Na san akwai abin da ke ranka wanda ba ka rubuta ba, bari in fara kawar da shi. Hukuncin giya a addininmu ba ɓoyayye ba ne, ni ma ban taɓa kai ta baki ba, saboda haka duk inda na yi maganar ɗanɗanonta, abin da masu sha suka faɗa nake maimaitawa. Fannina shi ne tsiron kansa, kuma tsiron da ake matsa a yi giya shi ne dai wanda ke ba mu zabibi da inabin da ake sayarwa a bakin titi. Abin da za ka koya a gonar nan zai yi maka amfani ko da ba ka leƙa ɗakin gangunansu ba.

Hukumar kula da harkar inabi ta duniya, wadda ake kira OIV, ta ce a rahotonta na 2017 akwai nau'in inabi kusan 10,000 da aka sani, amma 13 kacal ne suka cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na gonakin inabin duniya, 33 kuma sun cinye rabi. Sauran dubban suna rarrabe a ƙananan gonaki, wasu kuranga goma ce ta rage, wasu guda ɗaya a jikin katangar wani tsoho.

Abin da nake so ka gina rubutunka a kai shi ne wanda na sha faɗa muku a aji game da mangwaro mai aure. Irin inabi ba ya ajiyuwa a rumbu. Gero in ka zuba a rumbu ka kiyaye shi daga ƙwari, baɗi ka shuka ka girbe geron da ka sani. Inabi ba haka yake ba. Ka shuka ƙwallon Chardonnay, wani shahararren nau'in farin inabi, guda ɗari, za ka samu tsirrai ɗari, kowanne da halinsa, kuma babu Chardonnay ko ɗaya a cikinsu. Hanyar yaɗa shi ɗaya ce, irin ta rogo da rake: a yanki reshe mai ido a dasa, ko a aura shi a kan wata saiwa. Ke nan duk Chardonnay da ke duniya yau, daga Faransa har Ostareliya, tsiro ɗaya ne da ya fito daga ƙwallo ɗaya shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ake ta yankar reshensa hannu da hannu. Ranar da aka tumɓuke kuranga ta ƙarshe ta wani nau'i, shi ke nan, babu buhun irin da za a koma a ɗebo. Nau'in inabi yana raye ne muddin akwai mai zuwa kowace shekara ya yi masa aski ya ɗaure shi a waya.

To me ya kashe su? Babban mai laifi wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi, dangin darɓa, da ake kira filoksera. Daga Amurka ya shigo Turai a jikin dashen da aka yi safara, an fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, masani Jules-Émile Planchon ya gano shi a saiwa a 1868. Yana tsotsar saiwa, wurin ya kumbura ya ruɓe, kuranga ta bushe cikin 'yan shekaru. Kafin ƙarshen ƙarnin ya ratsa Faransa ya shiga Sipaniya da Italiya da sauran maƙwabta. Maganin da aka samu aure ne: saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a ƙasa, reshen inabin Turai a sama. Har gobe haka ake yi a mafi yawan gonakin duniya.

Yanzu ka sa kanka a matsayin manomin lokacin. Gonarka ta mutu, bashi ya yi maka katutu, sai ka sake dasa komai daga farko da dashen da za ka saya da kuɗi. Tsohuwar gonar kakanka cakuɗe take, nau'i goma ko ashirin a fili ɗaya. Mai rainon dashe ba zai aura maka ashirin ba, zai ba ka biyu ko uku da suka fi karɓar aure suka fi cika kwando. Kai ma abin da kake so ke nan, don mai saye da awo yake biya. Daga baya doka ta zo ta ƙara ɗaure abin: Faransa ta kafa tsarin kare sunan yanki a 1935, Italiya ta yi nata a 1963, kowane yanki da jerin nau'o'in da aka yarda a shuka, wanda bai shiga jerin ba ya zama kamar ɗan da ba a yi wa rajista ba. Sai kasuwa ta ƙarasa, musamman daga shekarun 1970, lokacin da Kaliforniya da Ostareliya suka saba wa masu saye da ganin sunan nau'i a jikin kwalba, mai saye kuwa sunaye biyar ko shida yake iya riƙewa. Tsakanin 1988 da 1996 ma Tarayyar Turai biyan manoma ta riƙa yi su tumɓuke gonaki saboda giya ta yi yawa, kuma tsofaffin gonakin kan tudu masu wuyar aiki na cikin waɗanda suka tafi. A Jojiya, inda ake lissafa nau'i sama da 500, tsarin Sobiyet ne ya yi wannan aikin, ya tattara ƙarfi a kan 'yan kaɗan irin su Rkatsiteli da Saperavi.

Ka ga amsar tambayarka ta farko ta fara fitowa. Da yawansu ba don rashin kyau aka bar su ba, don wahala ne, a zamanin da ma'aunin kyau shi ne nauyi.

Tunda kana arewacin Italiya, ka nemi labarin Schioppettino, don babu inda abin ya fito fili kamar nan. Baƙin inabi ne na yankin Friuli, kusa da iyakar Sulobeniya, a kewayen wani ƙaramin gari mai suna Prepotto. A 1970 Paolo Rapuzzi, wanda a da ma'aikacin kamfanin Olivetti ne mai yin keken rubutu, ya bar aiki shi da matarsa Dina suka kafa gona a Cialla, suka sa mata suna Ronchi di Cialla. Sun ji tsofaffi na ambaton wannan inabi, suka shiga nema, da taimakon magajin garin suka tattaro kuranga kimanin 70 da suka rage nan da can. Matsalar ita ce nau'in ba ya cikin jerin da doka ta yarda a dasa, wato abin da suke yi saɓa doka ne. Suka yanki rassan, aka aura, suka dasa abinsu. A daidai lokacin iyalin Nonino, masu tace barasa daga tukar inabi a Percoto, su ma suka tarar nau'o'in gargajiyar da suke nema an hana shuka su, sai suka kafa wata kyauta a 1975 mai suna Risit d'Aur, wato reshen zinariya a harshen yankin, don masu raya irin waɗannan. A 1976 aka ba Rapuzzi kyautar. Ka duba wannan abin dariya: ana karrama mutum a bainar jama'a kan abin da hukuma ke iya cin sa tara a kai. Hayaniyar ta yi aiki, girbin farko na gidan ya shiga kwalba a 1977, a 1978 aka halatta nau'in. Yau 'ya'yansu maza biyu ne ke riƙe da gonar, kuma gidaje da dama a Prepotto na noma shi.

Abin da ya ba ni sha'awa a matsayina na mai nazarin tsiro shi ne masu sha sun daɗe suna cewa yana ƙanshin masoro, aka ɗauka salon magana ne. Da aka auna sai aka samu yana ɗauke da rotundone mai yawa, sinadarin da ke cikin masoron kansa. Da an bar kurangar nan 70 sun mutu, da ba wanda zai taɓa auna komai.

Timorasso kuwa shi ne misalin wahalar da na ambata. Farin inabi ne na tuddan Tortona a Piemonte. Yana da ganye kamar hauka, sai an yi ta rage masa. Furensa ba ya ɗaukar 'ya'ya daidai, a nono ɗaya ka ga manya ka ga ƙanana kamar ƙwayar gero. In ruwa ya sauka dab da girbi, ruɓa ta kama shi. Wane manomi ne zai zauna da wannan alhali ga nau'o'in Cortese da Barbera masu sauƙin kai? A shekarun 1980 abin da ya rage bai kai hekta ɗaya ba. Walter Massa na garin Monleale, wanda gidansu ya gaji noman inabi, shi ne ya matsa shi shi kaɗai ba tare da gauraye ba a 1987, ya kuma ga giyar tana ƙara kyau in ta shekara a kwalba, abin da ba a cika samu a farar giya ba. Dabarar da ta fi burge ni ita ce bai riƙe abin a hannunsa ba, ya yi ta jawo maƙwabta su dasa, suka haɗu a kan suna ɗaya, Derthona, tsohon sunan Tortona a zamanin Rumawa. Gida ɗaya ba ya kafa kasuwa. Yanzu ana maganar ɗaruruwan hekta, kuma manyan gidajen giya na Barolo, shahararren yankin inabi na Piemonte, sun zo suna sayen fili a wurin.

Akwai irinsu da yawa, ba sai na tsaya a kan kowanne ba. Antonio Mastroberardino a Avellino, kudancin Italiya, ya ƙi tumɓuke nau'o'in Aglianico da Fiano da Greco bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da maƙwabta ke komawa ga nau'o'i masu yawan amfani. Malagousia ta Girka, Farfesa Vassilis Logothetis ne ya tsinto ta a shekarun 1970, Vangelis Gerovassiliou ya gane darajarta ya kai ta gonar gidansu a Epanomi. Robert Plageoles da ɗansa Bernard a Gaillac ta Faransa sun dawo da nau'o'in Ondenc da Prunelart. Viognier ma, da yau ake shukawa a nahiyoyi da dama, a ƙarshen shekarun 1960 hekta 14 ce ta rage a Faransa, Georges Vernay na Condrieu ne ya tsaya mata.

Batun me ya sa iyali, lissafin lokaci ne kawai. Ka tsinci wata tsohuwar kuranga da ba a san sunanta ba. Sai an duba ganye an yi gwajin ƙwayar halitta an tabbatar ba sanannen nau'i ba ne da wani sunan ƙauye, kuma mafi yawan lokuta hakan ne. Tsohuwar kuranga kusan kullum tana ɗauke da cutar bairus, sai an tsabtace ta a ɗakin gwaji, a yanki ɗan tsinin toho a raine shi a kwalba. Sai a yaɗa, a aura, a dasa, a jira shekara uku kafin 'ya'yan farko. Girbi ɗaya ba ya nuna hali, sai an ga shekarar fari da ta ruwa. Sannan a bi hukuma a yi rajista. Shekara goma ta wuce ba ka sayar da kwalba ɗaya ba, kuma babu tabbacin za ka sayar. Manajan kamfanin da masu hannun jari ke tambaya riba duk wata uku ba zai kai wannan lokacin a kujerarsa ba. Wanda ke dasawa don ɗansa ya girba, shi lissafinsa daban ne.

Sai dai kada ka bari kalmar iyali ta ruɗe ka ka zaci ƙaramar gona ake nufi. Iyalin Torres na Kataloniya a Sipaniya, da suka kafa gidansu a 1870, suna sayar da kaya a ƙasashe fiye da ɗari. Tun farkon shekarun 1980 Miguel Torres ya fara sa talla a jaridun yankin: duk manomin da ke da kurangar da bai san sunanta ba, ya kira. Ta haka suka tattara nau'i sama da 50, amma waɗanda suka ga sun cancanci a yi giya da su ba su wuce shida ko makamancin haka ba, irin su Forcada da Moneu da Querol da Pirene. Ka riƙe wannan adadin, don shi ne maganin masu zuzuta abin. Kusan tara cikin goma na abin da aka ceto bai kai kasuwa ba. Wasu nau'o'in kakanni sun bar su ne da hujja.

Zarginka na dabarar kasuwa kuwa, rabinsa gaskiya ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Mai hekta goma a kan tudu, da hannu yake komai, ba zai iya gasar farashin sanannen nau'i irin Merlot da mai hekta dubu a fili shimfiɗaɗɗe da injin girbi ba. Mafitarsa ita ce ya sayar da abin da babu wanda ke da shi. Duk wanda ya ce maka don kishin gado kaɗai suke yi, ya rage wani abu bai faɗa ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Sunan mai kwalba ake ji, amma wanda ya riƙe kurangar shekara hamsin kafin a zo nemanta, galibi wani talakan manomi ne da ya bar ta a gefen gona don ubansa ne ya dasa, ko don yara na son 'ya'yanta. Shi ba ya shiga labari. In kuma abin ya karɓu, filin yankin ya yi tsada, jikansa ba ya iya saye.

Wani abu ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan, shi ne zafi. A yankuna da dama na Faransa girbi ya matso gaba da kimanin mako biyu zuwa uku idan aka kwatanta da shekarun 1980. Inabin da ya nuna cikin tsananin zafi sukarinsa na hawa, tsaminsa na faɗuwa, masu giya kuwa tsamin suke nema. Forcada tana nuna a makare, tana riƙe tsami. A da wannan aibi ne, don sanyi na iya riskar ta ba ta nuna ba, yau shi ne abin da ake nemanta dominsa. Hatta Bordeaux, babban yankin inabi na Faransa da ba a san ta da son sauyi ba, a 2021 ta samu izinin gwada sababbin nau'i shida, ciki har da Castets, wani tsohon nau'in kudu maso yammacin Faransa da aka kusa mantawa, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na gona da kashi 10 na abin da ke kwalba.

Za ka ce to waɗanda ba su da daɗi fa, a bar su su tafi? A nan nake rabuwa da 'yan kasuwa. Akwai wani farin inabi, Gouais Blanc, mai tsami da yawan 'ya'ya, inabin talakawa, wanda hukumomi a Faransa suka sha hana shukawa a ƙarnonin baya. A 1999 masana daga jami'ar Kaliforniya ta Davis, ƙarƙashin Carole Meredith, tare da abokan aikinsu na Montpellier, suka nuna da gwajin ƙwayar halitta cewa shi da nau'in Pinot ne suka haifi sanannun nau'o'in Chardonnay da Gamay da Aligoté. Daga baya aka ga Riesling ma ɗansa ne. Wanda aka raina ashe shi ne uban sarakuna. Cikin 'yan tsirarun da ba su daina noma shi ba akwai iyalin Chanton na Visp a Suwizalan, inda ake ce masa Gwäss. Uwar Merlot ma haka: an san ubansa Cabernet Franc ne, uwar ce ba a sani ba, sai da aka tsinci wata kuranga guda a Saint-Suliac cikin Bretagne a shekarun 1990, aka ƙara samun huɗu a ƙofar gidaje a Charentes inda mutane ke cin 'ya'yanta. Aka sa mata suna Magdeleine Noire des Charentes saboda tana nuna wajen 22 ga Yuli, ranar bikin Maryamu Magadaliya a wurin Kiristoci. Gwaji ya nuna ita ce ta haifi Merlot, kuma ita da Prunelart ɗin da na ambata ɗazu suka haifi Malbec.

Irin waɗannan ba iyali ne za su riƙe su ba, don ba sa biyan kuɗin askinsu. Aikin gwamnati ne. Faransa na da gandun ajiya a Vassal, bakin teku kusa da Marseillan, tun 1949, mai dubban nau'o'i, kuma an zaɓi wurin ne don rairayi ne, filoksera ba ya iya rayuwa a ciki. Amma kuranga biyar a gandun ajiya ba za su gaya maka yadda nau'i ke yi a tudu mai duwatsu shekara ashirin ba. Wannan sai manomi. Ka sa ɓangarorin biyu a rubutunka.

Ranar ziyarar, in abokan karatunka sun nufi ɗakin ɗanɗano, kai ka roƙi a bar ka cikin gona. Ka tambaye su daga kuranga nawa aka yanko dashensu na farko, don gonar da ta fito daga uwa uku ba ɗaya take da wadda ta fito daga saba'in ba. Ka tambayi wace saiwa suka aura a kai, da wadda suka gwada ta ƙi. Ka tambayi aibin nau'in, manomin gaske zai fi daɗewa a kan wannan fiye da yabonsa. Ka kuma tambayi a gonar wa aka samo shi.

Sannan ka duƙa ka kalli ganye. Ka duba inda ganyen ya haɗu da sandarsa, buɗe yake ko leɓɓansa sun hau juna. Ka juya bayansa ka shafa, santsi ne ko gashi. Ka dubi tsinin sabon toho, fari ne ko ja-ja. Kada ka raina wannan aikin. Manoman Cile sun shafe shekaru suna sayar da wani inabi da sunan Merlot, suna mamakin yadda wani sashen gona ke makara wajen nuna, sai ranar 24 ga Nuwamba 1994 Jean-Michel Boursiquot ya shiga wata gona lokacin fure, ya ga zaren furen a murɗe, ya ce wannan Carmenère ne, nau'in Bordeaux da ya kusa ƙarewa a gida bayan filoksera. Duk inda ake karɓar reshe daga maƙwabci, suna ne ke fara ɓacewa, kuma ka tuna da wannan in ka dawo ka shiga gonakin inabin Kudan.

Ka ɗauki ganyen daga tsakiyar reshe, wanda ya gama girma. Ni a karona na farko na tsinko daga wani toho da ya fito a gindi, na cika shafi biyu ina kwatanta shi da zanen littafi, na kai wa mai koyar da mu da sunan da na yi imani shi ne. Ya juya ganyen sau ɗaya ya miƙo mini, ya ce saiwar Amurka ce ta tsiro daga ƙasan aure.